Helikes ɗin Tsutsar Tsargiya Ya Fito Kamar na Mutum, Shin Aikina Ya Lalace?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Samaru, ina digiri na biyu a fannin bayokemistiri. Aikina a kan wani furotin ne na tsutsar tsargiya, ɗaya daga cikin masu warware RNA da ake kira helikes. Na sauko da siffarsa daga rumbun AlphaFold, na ɗora a kan na ɗan Adam, sai na ga kusan babu bambanci. Ga kuma wasu dogayen zare masu launin ruwan lemo a farkonsa da ƙarshensa, suna lilo ba kan gado. Burina in nemo maganin da zai kama na tsutsar ya bar na mutum. To in siffarsu ɗaya ce, ashe aikina ya lalace ke nan? Kuma ya ainihin siffar waɗannan furotin take a irin waɗannan tsutsotsi? Allah Ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Amin, 'yata, Allah Ya ba da sa'a. In na fahimce ki, abu biyu ke damunki. Na farko, kina son sanin yadda helikes na RNA yake a tsaye, da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, a jikin tsutsotsi masu faɗin jiki. Na biyu, wanda shi ne ya hana ki barci, ko kamar da ya yi da na mutum ta kashe miki aiki. Bari in fara da na biyun don hankalinki ya kwanta: aikinki bai lalace ba. Da kin ɗora su kin ga sun sha bamban ƙwarai, a nan ne zan ce ki koma ki duba, don akwai kuskure a wani wuri. Abin da kika gani shi ya kamata ki gani. Sai dai hoton da ke hannunki, wanda manhajar AlphaFold mai hasashen siffar furotin ta zana, bai amsa tambayar da kika ɗauko ba tukuna, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Tsutsotsin da muke magana a kansu

Dangi ne babba, kuma mutanen Zariya sun san da yawa daga cikinsu ko da ba su san 'yan gida ɗaya ba ne. Akwai Schistosoma haematobium, mai zama a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Ita ke sa yaro fitsarin jini bayan ya saba wanka a kududdufi ko bakin dam inda katantanwar da ke ɗauke da ita take. Akwai 'yar'uwarta Schistosoma mansoni mai zama a jijiyoyin hanji, wadda ƙwanta ke maƙalewa a hanta. Akwai tsila da ake samu ta naman shanun da bai dahu ba. Akwai Fasciola gigantica, tsutsar hantar shanu da tumaki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayanka da asuba aka tsaga hantar saniyar da ta yi kiwo a fadama ya san ta: hanyoyin maɗaciya sun yi kauri sun yi fari, wuƙa na ƙara in ta bi ta kansu, mahauci ya matsa da babban yatsa sai ga su suna sulɓowa, masu faɗi, launin toka-toka, wata ta kai tsawon yatsa, suna naɗewa a kan siminti. Sannan akwai filaneriya, 'yar ƙarama mai zama a ƙarƙashin duwatsu a ruwan daɗi, wadda ba ta cutar da kowa. A kanta aka fi yin bincike, saboda in an yanka ta gunduwa-gunduwa kowane yanki yakan fito da sabon kai da sabuwar jela.

Sirrin filaneriya wasu ƙwayoyin jiki ne, wato sel, da ake kira niyobilas. Su kaɗai ke rabuwa su sabunta jikinta, kuma sun kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na sel ɗinta. A 2011 ɗakin gwajin Peter Reddien a Amurka ya nuna cewa sel ɗaya tak daga cikinsu, in an dasa shi a jikin tsutsar da aka kashe wa nata da haske mai ƙuna, zai iya sake gina ta duka. A 2013 kuma James Collins da Phillip Newmark suka nuna cewa balagaggiyar Schistosoma mansoni ma tana da irinsu. Da wannan take gyara jikinta ta yi shekaru a cikin jinin mutum. Waɗannan sel, da waɗanda ke samar da ƙwai da maniyyi, cike suke da furotin masu sarrafa RNA, kuma helikes na sahun gaba a cikinsu. Tun 1999 ƙungiyar Kiyokazu Agata a Japan ta fito da biyu daga filaneriyar Dugesia japonica, ta sa musu suna DjvlgA da DjvlgB.

Ga dalilin da ya sa likita ma zai so aikinki. Ba tsutsar kanta ke jawo yawancin ɓarnar tsargiya ba, ƙwanta ne. Macen mansoni takan saka kimanin 300 a rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 250 ne suka buƙaci maganin rigakafin cutar a 2021, Najeriya kuma na kan gaba wajen yawan masu ita. Duk wannan jama'a a kan magani guda suka dogara, firazikwantel, wanda aka samar tun shekarun 1970, kuma ba ya kama tsutsar sosai tana ƙarama. Duk abin da zai taɓa sel masu yin ƙwai ya cancanci a bi shi.

Siffar kanta

RNA zare ɗaya ne, amma ba ya zama a miƙe. Yakan naɗe ya manne da kansa nan da can, ko ya manne da wani zaren, ko wani furotin ya hau kansa ya zauna. Kafin a karanta shi a gina furotin, ko a yanke shi a haɗa, ko a ajiye shi, ko a rushe shi, sai an sami mai buɗe waɗannan wurare. Aikin helikes ke nan, kuma ATP, sinadarin da ke ba sel makamashi, yake ƙonawa ya yi shi. An kasa helikes gida shida manya. Yawancin na RNA a gida na biyu suke, kuma reshe mafi girma a can shi ne wanda Patrick Linder da abokan aikinsa suka raɗa wa suna DEAD a 1989, daga haruffan amino asid huɗu da ke jere a cikinsa: asfatet, gulutamet, alanin, asfatet. Mutum yana da kimanin 37 daga wannan reshe, yis kuma kimanin 25. Ina kyautata zaton naki a nan yake, tunda kin ambaci dogayen zare a farko da ƙarshe.

Gangar jikinsa amino asid 350 zuwa 400 ce, ta dunƙule ta zama curi biyu. Kowane curi ya yi kama da furotin RecA na bakteriya: a tsakiya akwai shimfiɗa ta zare da yawa da suka kwanta kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar gefe guda, sai murɗaɗɗun sassa suka rufe ta ta sama da ta ƙasa. Wani ɗan gajeren wuya mai lanƙwasa ne ya haɗa curin biyu. A jikinsu akwai tambura kimanin goma sha biyu, wato gajerun jerin amino asid da ba sa canzawa daga halitta zuwa halitta. Tambarin Q shi ke gane adenin na ATP. Na ɗaya, mai ƙarewa da GKT, shi ke rungumar fosfet. Na biyu shi ne DEAD ɗin, yana riƙe magniziyam ya kuma shirya ruwan da zai fasa ATP. Na uku, SAT, yana haɗa fashewar ATP da motsin curin. Duk waɗannan a curi na farko suke. Na shida kuwa, mai cike da arjinin, a curi na biyu yake. In kin duba jerin a takarda za ki ga tsakanin na ɗaya da na shida akwai amino asid ɗaruruwa. A tsaye kuwa, idan furotin ya rufe, sai su haɗu a rami guda, su sa ATP a tsakiya.

Ki ɗauke shi kamar awartakin maƙeri. In ba komai a bakinsa, hannayensa biyu a sake suke, kowane na iya juyawa inda ya ga dama. Sai ƙarfe ya shiga an matse sannan bakin ke haɗuwa ya zama abin riƙo. Haka aka gan shi a 2000, lokacin da ɗakin gwajin David McKay ya fitar da siffar eIF4A na yis, wani helikes na wannan reshe: curi biyu nesa da juna, wuya a miƙe. A 2006 kuma Toru Sengoku da Shigeyuki Yokoyama da abokansu a Japan suka kama Vasa na ƙudan Drosophila a rufe, da guntun RNA a bakinsa da wani sinadari mai kama da ATP wanda ba ya fashewa. Wannan siffa, mai lamba 2DB3 a PDB, rumbun siffofin furotin da aka tabbatar da gwaji, ita nake fara buɗe wa duk ɗalibin da ya zo mini da helikes. Ki buɗe ta a manhajar PyMOL, ki sa wa curin biyu launi daban-daban, ki mai da RNA sanduna, ki juya a hankali. Za ki ga zaren ya kwanta a kan curin biyu, yana tafe a miƙe, sai ya ci karo da wani murɗaɗɗen sashe na curi na farko ya karya kwana sosai. Zaren da ya lanƙwashe haka ba zai iya ci gaba da mannewa da abokinsa ba, dole abokin ya saki. Ki lura kuma da inda furotin ya kama shi: ta ƙashin bayan zaren, wato sukari da fosfet, haruffan RNA ɗin kuwa, wato A da U da G da C, suna fuskantar waje ba mai taɓa su. Shi ya sa bai damu da abin da aka rubuta a RNA ɗin ba, kuma shi ya sa yake bambance RNA da DNA, don yana taɓa wani ɗan reshen oksijin da haidurojin da ke jikin sukarin RNA wanda na DNA ba shi da shi.

Helikes na reshen DEAD ba ya bin zare yana gudu. Yakan kama wuri guda, ya lanƙwasa, 'yan haruffa su rabu, ya fasa ATP, ya saki. An ma nuna cewa riƙe ATP kaɗai ya isa ya raba zaren, fasa shi don sakewa ne a sake wani zagayen. Saboda haka mannewar da ta wuce haruffa goma zuwa goma sha biyar takan gagare shi. 'Yan'uwansa na reshen DEAH, masu aiki wajen yanke RNA da haɗa shi, su ne masu bin zare suna ja, kuma suna da ƙarin sassa a ƙarshensu da ke yi wa zaren rami ya bi.

Yanzu kin ga dalilin kamar. ATP ɗin tsutsa da na mutum ɗaya ne, RNA ɗinsu ƙirarsa ɗaya, aikin ɗaya. Canji kaɗan a ramin nan sai injin ya tsaya, halittar kuma ba za ta yi nisa ba. Tun 1986 Cyrus Chothia da Arthur Lesk suka nuna cewa siffar furotin ta fi jerin amino asid ɗinsa daɗewa ba ta canza ba. Furotin biyu na iya bambanta a fiye da rabin jerinsu, amma in kin ɗora su su hau juna daram. Yawancin abin da muka sani game da wannan ƙira daga yis da ƙuda da mutum muka koya, kuma ya hau kan na tsutsotsin nan ba tare da gardama ba.

Kama da wane ba ta wane

Kafin komai, wane furotin ne a hannunki, kuma a kan wane na mutum kika ɗora shi? Ina tambaya ne don a nan tsutsotsin suka yi abin mamaki. Vasa, wanda a mutum ake kira DDX4, alama ce ta sel masu haihuwa a kusan duk dabbobi. Filaneriya tana da shi. Amma da aka karanta kundin gadon tsutsar tsargiya a 2009, da na tsila iri huɗu a 2013, sai aka tarar masu zama a jikin mutum da dabbar nan ba su da Vasa na ainihi, ba su kuma da abokin aikinsa Piwi. Abin da mansoni take da shi wasu uku ne masu kama da shi, Smvlg1 da Smvlg2 da Smvlg3, waɗanda Danielle Skinner da Paul Brindley da abokansu suka bayyana a 2012, aka kuma gan su suna aiki a gidan ƙwan macen. Nazarin dangantaka ya kai su kusa da dangin PL10, wanda a mutum shi ne DDX3, wasu kuma suka faɗa wani reshe na tsutsotsin nan. A 2013 Bo Wang da Newmark suka rufe bakin vlg-3 a matakin da tsutsar ke hayayyafa a cikin katantanwa, sai sel masu yaɗuwa suka ragu ƙwarai. To in naki ɗaya daga cikin ukun nan ne kika ɗora shi a kan DDX4 kawai, ki ƙara da DDX3X, don watakila shi ne maƙwabcin da maganinki zai fi yi wa ɓarna.

Sannan ki cire wa ranki cewa sai siffa ta bambanta da ido kafin magani ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Misali mafi kyau a cikin dangin tsutsotsin nan yake. Firazikwantel yana kashe tsutsar tsargiya da tsila, amma ba ya taɓa Fasciola, shi ya sa ake neman tirikilabendazol a kan tsutsar hanta. Shekaru da dama ba a san dalili ba. A 2019 ɗakin gwajin Jonathan Marchant ya gano ƙofar da maganin ke buɗewa a jikin sel ɗin tsutsar, a 2021 kuma suka nuna cewa a ramin da maganin ke zama, Fasciola ta bambanta da amino asid guda ɗaya. Ɗaya tal. Da za ki ɗora ƙofofin biyu a kwamfuta kamar yadda kika yi, da sun hau juna, ki ce ba bambanci.

A helikes ma akwai irinsa, kuma ya fi shafarki. Itatuwan Aglaia na kudu maso gabashin Asiya suna yin wasu sinadarai da ake kira rokagilet, silbesturol na cikinsu, masu kama eIF4A. A 2019 Shintaro Iwasaki da abokansa suka fitar da siffar eIF4A na mutum tare da ɗaya daga cikinsu, mai lamba 5ZC9. Sinadarin bai shiga ramin ATP ba. Ya cusa kansa ne a wani ɗan lungu da ke buɗewa tsakanin furotin da lanƙwasasshen RNA, a inda haruffan A da G suke, ya manne su da juna furotin ya kasa saki. Bango ɗaya na lungun furotin ne, ɗayan bangon RNA ne. Itacen da ke yin gubar kuma ya tsira daga gare ta ne ta canjin amino asid a lungun, musamman wanda ke gurbi na 163. A 2023 wasu masu bincike, galibinsu a Jamus, suka bi amino asid shida na wannan lungu a halittu masu yawa, suka yi hasashen wanda zai kamu da wanda zai tsira, suka gwada da silbesturol. Schistosoma mansoni ta kamu, tsutsar Caenorhabditis elegans ba ta kamu ba. Matsalar ita ce mutum ma yana kamuwa, shi ya sa ake gwada dangin sinadarin a kan kansa. Amma darasin a gare ki a fili yake: wannan lungu babu shi a hoton furotin shi kaɗai a buɗe. Duk wanda ya ɗauki irin hoton da ke hannunki ya zuba masa sinadarai dubu a AutoDock Vina, manhajar da ke hasashen inda sinadari zai zauna a jikin furotin, ba zai taɓa ganinsa ba. Kusan duk za su tafi ramin ATP, don shi ne mafi zurfi, kuma shi ne wurin da tsutsa da mutum suka fi zama ɗaya. Na karanta kundin ɗalibai da dama da suka ƙare a nan, da teburin lambobi masu kyau da babu abin da za a yi da su, kuma abin yana ɓata mini rai, don yaran sun yi wahala.

Sai zarurrukan nan masu ruwan lemo. Launin yana nufin makin amincewar AlphaFold, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 100, ya faɗi ƙasa da 50. Kada ki ɗauki lanƙwasar da kika gani a matsayin siffa, kada kuma ki ɗauka shara ce. Galibi wuraren nan ba su da tsayayyar siffa ko a cikin sel. Su Sengoku ma sai da suka yanke kimanin amino asid 200 na farkon Vasa kafin ya yarda ya zama kiristal ɗin da ake haskawa a ga siffarsa. A 2015 Timothy Nott da abokansa suka nuna cewa kan DDX4 na mutum, shi kaɗai, yana taruwa ya zama ɗigo-ɗigo a cikin sel. A niyobilas na filaneriya akwai irin waɗannan dunƙulallun wurare kusa da cibiyar sel, inda RNA da furotin ke taruwa, kuma an samu helikes na dangin DDX6 a cikinsu. Kai da jelar nan su ke zaɓar wa helikes abokan aiki da wurin zama, kuma a nan ne jerin tsutsa da na mutum suka fi nisa da juna. Wahalarsu ita ce ba su da ramin da ƙaramin sinadari zai zauna. Amma wani lokaci a tsakiyar zaren za ki ga wasu amino asid goma ko goma sha biyar da mansoni da haematobium da Fasciola duk suka riƙe ba canji, mutum kuwa ba shi da su. Wannan hannunka mai sanda ne cewa wani abu na kamawa a wurin.

Iyakar hoton, da iyakata

AlphaFold abin alheri ne gare mu, ba zan rage masa daraja ba. Kafin 2021 ɗalibi a Zariya ba shi da hanyar ganin siffar furotin ɗin tsutsa sai ya gina ta a kan ta wata halitta. Yanzu rumbun na da sama da miliyan 200, kuma Demis Hassabis da John Jumper sun samu kyautar Nobel ta kemistiri a kansa a 2024 tare da David Baker. Amma hasashe ne, kuma hoto guda yake bayarwa na abin da aikinsa motsi ne. Wanda kika sauko da shi babu RNA, babu ATP, babu magniziyam. Kowane curi zai fito da shuɗi mai duhu, kuma ki yarda da shi. Yadda curin biyu suka fuskanci juna kuwa, sai kin buɗe taswirar nan mai murabba'i da ake kira PAE. In kin ga murabba'i biyu masu duhu da fari-fari a tsakaninsu, manhajar na gaya miki ne ba ta tsayar da matsayinsu ba. Saboda haka ki riƙa ɗora curi a kan curi, ɗaya bayan ɗaya, kada ki ɗora furotin dukansa ki kawo lamba guda.

Ni kaina ba mai yin kiristal ba ne. Aikina jera amino asid, gina siffa a kwamfuta, da fitar da furotin daga bakteriya a gwada shi a kwalba. Tabbatacciyar siffa tana buƙatar kiristal da haske mai ƙarfi na injin sinkurotoron, wanda har yanzu babu ko ɗaya a nahiyar Afirka, ko kuma madubin lantarki mai daskarar da samfur, wanda gangar helikes mai nauyin kilodalton 45 ta yi masa ƙanƙanta in ita kaɗai ce. Wannan sai da haɗin gwiwa da wani ɗakin gwaji a waje. Ba zan kuma yi miki alkawarin cewa helikes zai zama maganin tsargiya ba. Furotin da sel ɗin mutum ma ba sa rayuwa sai da ɗan'uwansa, wurin kama shi ƙunci ne da shi.

Da ni ne ke

Da na sauya tambayar kundin. Maimakon "wane sinadari ne zai kama shi", da na tambayi "a ina ne a fuskar wannan furotin tsutsa ta bambanta da mutum, kuma wane bambanci ne ke kusa da inda aiki ke gudana". Wannan tambaya ce da digiri na biyu zai iya amsawa da gaskiya.

Ki fara da tabbatar da jerin. Ki ɗauko shi daga WormBase ParaSite, rumbun kundayen gadon tsutsotsi, ki ƙirga tambura goma sha biyun da idonki. In ɗaya ya ɓace, ko kin ga tsalle a tsakiyar curi, ki fara zargin yadda kwamfuta ta yanka ƙwayar gadon kafin ki ce kin gano sabon abu, don wannan kuskure ya yi yawa a kundayen tsutsotsi. Ki jera shi da na haematobium da 'yar'uwarsu ta Asiya Schistosoma japonicum da Fasciola da filaneriya, da Vasa da Belle na ƙuda (Belle shi ne ɗan'uwan DDX3 a ƙuda), da DDX3X da DDX4 na mutum, ki zana bishiyar dangantaka. Daga nan ki gina rufaffiyar siffarsa a kan 2DB3, da RNA da ATP a ciki. Sai ki shafa wa fuskarsa launi: inda duk suka yi daidai da mutum ki sa fari, inda tsutsotsin suka yi daidai da juna suka saɓa wa mutum ki sa ja. Ki juya shi. Ramin ATP zai fito fari fat. Ki nemi jan da ya matso bakin hanyar RNA, ko wanda ke tsakanin curin biyu a lokacin da suka rufe, ko wanda ke daf da inda kai da jela suka fita daga gangar. A nan gizo ke saƙa. In za ki gwada sinadarai a kwamfuta, ki gwada su a waɗannan wurare, ki kuma gwada kowane a kan na mutum a gefe.

In akwai hali, ki sauka daga kwamfuta zuwa benci, ko da gwaji ɗaya ne. Gangar jikin, ba tare da kai da jela ba, takan fito lafiya a Escherichia coli. Ki ɗaura mata jelar histidin, ki tace ta a kan nikel, ki auna fosfet ɗin da take saki daga ATP da koren rinin malakayit. Kwalbar da babu RNA ta zauna kusan yadda take, wadda kika sa wa RNA ta yi kore. Ki yi ta uku da furotin da kika canza wa gulutamet na DEAD ya koma gulutamin: wannan zai kama ATP amma ba zai fasa shi yadda ya kamata ba, kuma in ita ma ta yi kore, to wani furotin na bakteriya ne ya biyo ki. Injin PCR mai auna haske kuma zai iya nuna miki zafin da furotin ke narkewa. In sinadari ya kama shi da gaske, zafin yakan ɗaga.

Akwai kuma abin da ke hannunki wanda ɗakunan gwaji na Turai ba su da shi. Mansoni ɗin da aka karanta kundin gadonta asalinta daga Fwarto Riko take, haematobium ɗin kuma daga Masar. A Afirka ta Yamma an tabbatar haematobium tana barbara da Schistosoma bovis ta shanu, tun rahoton Senegal na 2009. Mu kuwa a ƙasar Zazzau yara da shanu ruwa ɗaya suke shiga a fadamun Galma da Kubanni. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da na iyaye kafin ki karɓi fitsarin kowa, ki kuma tabbatar duk yaron da aka ga ƙwai a nasa an haɗa shi da ma'aikacin lafiya ya samu magani. A mayanka kuma ki roƙi likitan dabbobi ya bar ki ki duba jijiyoyin da ke jikin kitsen hanjin shanu, a nan bovis take kwanciya, Fasciola kuma tana hanta. Ki wanke tsutsotsin da ruwan gishirin asibiti, ki sa kowace a kwalbarta daban cikin etanol mai ƙarfi in DNA kike so, ki rubuta ranar da garin da aka sayo dabbar da fensir a jikin takarda, don etanol yana wanke tawada. Ki karanta sashen ƙwayar gadon da ya ƙunshi jajayen wuraren nan a kowace tsutsa, ki ga ko a tsutsotsinmu ma ja ne.